Shekarar da Muka Binne Doya Irin ta Jamus

Jiya da hantsi ruwan farko na bana ya sauka a unguwarmu ta Nima, kuma kamar yadda ya saba, ni ya fara nema. Rufin ɗakinmu huda ɗaya gare shi tak, amma duk inda na ja tabarmata sai hudar ta biyo ni. Ina cikin ja-in-ja da ita sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da na doyar da Mma ke dafawa a ƙofar madafa. Nan take na bar tabarmar ta jiƙe, na zauna ina dariya ni kaɗai, har Mma ta leƙo ta ce, "Memuna, aljanun naki ne suka tashi?" Ba aljanu ba ne. Shekarar da muka binne doya ce ta faɗo mini.

Lokacin ina 'yar shekara goma. Turawa ba su tafi ba tukuna, ba a zuba siminti a tsakar gidanmu ba, famfo kuwa ɗaya ne a duk ɓangarenmu, sai an kusa shiga unguwar Maamobi. Azumi ya faɗo daidai bakin damina. Zafin da aka yi kafin ruwa ya sauka ban taɓa ganin irinsa ba. Kazarmu ta yi ƙwai a bayan ɗaki, kafin na ɗauko ya dahu. To, bai dahu sarai ba, amma na ƙone yatsa.

Abinci kuma ya yi fushi da gari. Masara ta yi wuya, kokon da Mma ke sayarwa ya tsinke har kana iya gyara ɗankwalinka a cikinsa. Babana ya tafi Tamale da lorin da yake tuƙawa, lorin ya mutu a can, wata biyu ba shi ba labarinsa. Mu huɗu muka rage a gida: ni, da Mma, da Kaka, da Baba Tsoho, wato iyayen babana. Da rana garin rogo da ruwa, da yamma ruwa da garin rogo.

Ana saura kwana tara azumi sai ga saƙo daga Kawu Isaka na Salaga: doya sittin, tsohuwa, irin wadda ta sha iska ta yi zaƙi. Kaka ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, wannan ta kai mu salla, in mun yi hankali ta kai mu sabuwar doya." Muka jera ta a zaure. Abin da muka manta shi ne ɓerayen Nima. Waɗannan ba ɓeraye ba ne, 'yan haya ne da ba sa gaida mai gida. Akwai wani cikinsu har furfura gare shi. Cikin kwana biyu suka ɗanɗana doya huɗu, kowace suka ciji kai suka bar saura.

A nan ne Baba Tsoho ya gyara murya ya ce, "A ƙauyenmu na Jamus ba haka ake yi ba."

Kaka ta ce, "Mun shiga uku."

Bari in yi bayani. Baba Tsoho yana saurayi ya yi wa wani Bajamushe aikin kuku a Lome. Bajamushen ya kamu da zazzaɓi, aka ce ya koma gida, ya ce ba inda za shi sai da mai dafa masa abinci. Haka Baba Tsoho ya hau jirgin ruwa da niyyar yin wata shida. Yaƙi ya ɓarke, hanya ta rufe, ya share shekara shida a wani ɗan ƙauye. Sunan ƙauyen ya fi ƙauyen tsawo, don haka mu dai Garin Baba muke ce masa. Duk unguwa an san shi fiye da yadda aka san Kumasi, domin kullum bayan la'asar sai ya gina shi a tsakar gida da kayan Kaka.

Zai ja layi da sandarsa ya ce, "Ga rafi, daga dajin arewa yake gangarowa, ruwansa sanyi kamar ya cire haƙori." Sai ya kifa turmi. "Ga coci. Hasumiyarta da agogo, a can ƙoli da zakaran ƙarfe, yana juyawa ya nuna inda iska ta dosa." Ludayi shi ne gadar dutse mai baka uku. Faifai shi ne ƙaton gare-garen katako da ruwan rafi ke juyawa yana niƙa wa gari hatsi, ba mai ɗaga taɓarya. A bangon gidan niƙan an yi zane-zane, kowane zane inda wata ambaliya ta taɓa kaiwa. Tsintsiya a tsaye ita ce bishiyar tsakiyar gari, wadda tun kakannin kakanni a ƙarƙashinta dattawa ke yin shari'a. Tukunyar miya kuwa, wadda yake ɗorawa a kan kujera, kangon gidan wani basarake ne a kan tudu, da ba ya barin keken gishiri ya haye gada sai ya ɗebi rabonsa, har ranar da mutanen ƙauye suka gaji suka cinna wa gidan wuta.

"An taɓa yin annoba," in ji shi, "ta share garin sai gida bakwai. Duk wanda ka gani a can yau, jikan gida bakwai ɗin nan ne. Shi ya sa hancinsu iri ɗaya."

Kaka takan ce, "Malam, in an gama shari'a a ba ni tsintsiyata."

Ni kam na haddace garin tsaf. In an rufe mini ido zan iya tashi daga tashar jirgin ƙasa, tafiyar awa biyu a ƙafa, in bi ta gonakin kudu, in haye gada, in gaida shamuwar da ta yi sheƙa a kan bututun hayaƙin gidan mai burodi. Baba Tsoho ya rantse shamuwarmu ce take zuwa can hutu. Labarin da na fi so shi ne na azuminsa na farko. Ya ce ranar garin ba ta san faɗuwa ba. Ya yi la'asar, ya zauna, ya tashi, ya sake zama, agogon coci ya buga tara, rana na nan tana kallonsa. Ba ladan, ba wanda zai tambaya. Har ya hau tudun kangon nan don ya ga ko wani ne ya riƙe ta.

To, a ƙauyen nan, in ji shi, in sanyi ya gabato sai a haƙa rami, a shimfiɗa karan alkama, a jera dankali, a rufe da kara, a bi da ƙasa, a bar ɗan bututu na numfashi. Wata biyar dankali na kwance lafiya, ɓera bai san hanya ba.

Kaka ta ce, "Malam, doya ba dankali ba ce. Ni a gonar doya aka yanke mini cibiya. Doya iska take so."

"Hawa, kin taɓa zuwa Jamus?"

"Kai ka taɓa riƙe fartanya?"

"Mutanen da suka sa ruwa yana musu niƙa ne ba su san ajiya ba?"

Mma suruka ce, ba ta da baki a wannan shari'a, sai ta sunkuyar da kai tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Ni kuwa na yi tsalle na ce ina bayan Jamus. Baba Tsoho ya ce, "Kin ji Uwar Surutu, ita kaɗai ce mai ilimi a gidan nan."

Washegari aka fara haƙa a bayan madafa. Duk Nima ba mai karan alkama, sai Maame Akosuwa maƙwabciyarmu mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ɓawo, ta ba mu ɓawon masara buhu biyu. Ta tsaya da hannu a ƙugu ta ce, "Ei, Baba, doya ya mutu ne kana binne shi? Ka faɗa mini in sa baƙin zane." Mahauta biyu daga bakin hanya suka karɓi diga suka taya shi, don kawai su ga ƙarshen abin. Baba Tsoho na cikin rami har ƙugu yana jerawa, ni ce mai ɗauko doya daga zaure.

Hanyar zaure zuwa rami ta ƙofar madafa ta bi. A zuwa na uku Kaka ta cafke mini hannu ta jawo ni ciki.

"Kawo nan."

"Kaka, ta Jamus ce."

"Biyu na Jamus, ɗaya ta Salaga. In kika buɗe baki, sai na aske miki kai tas ranar salla."

Ta tura mini ƙosai mai zafi a baki don ya taya ni yin shiru. Haka muka yi ta yi. Duk ta uku sai ta hau kan turmi ta cusa ta a kan ragar itacen da ke saman murhu, can cikin duhun hayaƙi, ta ja tsohuwar tabarma ta rufe. Baba Tsoho yana ta labarin zakaran ƙarfe, bai lura ba. Da aka gama ya tara ƙasa ta yi tudu, ya soka guntun gora a tsakiya, ya kakkaɓe hannu ya ce sai goma ga azumi za a buɗe, kafin nan mu ci waɗanda ɓeraye suka taɓa. Ranar na ci ƙosai goma sha takwas. Ban taɓa riƙe sirri mai daɗi irin wannan ba.

Aka ga wata. Mma kan tashi tun kafin assalatu ta dama koko, mu sha da gari, Baba Tsoho ya tafi masallaci, ni da Mma mu kama hanyar famfo da bokiti. Layin famfo kan kai har inda mutum zai shiga yana yaro ya fito da gemu. Ni azumin rabin yini nake yi, Kaka ta ce za ta ɗinke mini biyu-biyu su zama ɗaya. Da azahar gari kan yi tsit, kwanon rufi na ƙara don zafi, awaki sun lafe a jikin bango, bakin kowa ya yi fari. Baba Tsoho kan je ya tsuguna wajen tudunsa, ya kara hanci a bakin gorar, ya ce, "Tana barci."

Ran bakwai ga azumi da la'asar iska ta juyo daga teku. Sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ɗigon farko da ya faɗo a kan kwano na ɗauka jifa ne. Muka fita da gudu muna tara duk abin da ke da baki: bokiti, tukwane, ƙwarya, har butar alwala. Yara muka yi ta rawa a cikin ruwa, ni ina buɗe baki sama ina cewa ai rabin nawa ya riga ya cika.

Murnar ba ta kai kwana ba. Ruwa ya ƙi tsayawa. Kwana uku yana zuba, in ya ɗan sarara sai ya tuna abin da aka yi masa ya dawo. Babban kwarin da ya raba mu da Maamobi ya cika ya tumbatsa, yana tafe da kujeru da kaji da takalman mutane. Tsakar gidanmu ta zama tafki. Maza suka fito da shebur suna yanka wa ruwa hanya daga gida zuwa gida, mata suna kwarfa da ƙwarya, ana miƙa jarirai ta kan katanga zuwa ɗakunan da ke kan tudu. Itace ya jiƙe. Murhun Maame Akosuwa kaɗai ke kamawa, gida biyar muka riƙa dafa abin buɗe-baki a kansa bi da bi, ita da ba ta azumi tana tsaye tana yi mana tsawa, "Ku yi sauri, rana zai faɗi!" alhali ba wanda ya ga ranar.

Tudun Baba Tsoho kuwa ya nutse, sai kan gorar kaɗai ke leƙowa.

Da ruwa ya janye ba sai an gaya wa kowa ba. Warin ya riga mu magana. Baba Tsoho ya ɗauki shebur ya buɗe gefe guda. Ya sa hannu ya ɗago doya, ta narke ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar kunu. Ya ɗago ta biyu, haka. Ta biyar, haka. Ƙudajen Nima da na Maamobi har da na Sabon Zongo suka zo gaisuwa. Na buɗe baki zan yi tsokana, sai na ga fuskarsa, na mayar da bakina na rufe.

Ya mayar da ƙasa ya rufe ramin, ya wanke hannu, ya shiga ɗaki. Kaka ba ta ce masa "na gaya maka" ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da ambaliyar.

Da aka sha ruwa ran nan ya kurɓi ruwa sau uku, ya ture kokonsa gabana. Mma ta durƙusa ta ce, "Baba, ko kaɗan ne a taɓa." Ya ce, "Wanda ya binne abincin yara ba ya cin rabon yara." Da asuba ma haka. Kwana uku yana azumi a kan ruwa da loma ɗaya ta gari. Tsoho ne, ga tari. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Bayan la'asar turmi na nan a tsaye, tsintsiya na jingine, ba wanda ya taɓa su. Da ya tashi yin salla sai na ga ya dafa bango.

Mu kuma ga mu zaune a madafa, cikinmu na kiran sunayenmu, doya goma sha takwas lafiyayyu na kwance a saman kanmu. Na ce, "Kaka, mu sauko da ita mana!"

"In sauko da ita in ce masa me? In ce tun ranar farko ban yarda da shi ba, na haɗa baki da jikarsa? Ya ci doyar ne ko ya ci kunya? Mutumin nan ba abin da ya dawo da shi daga can sai garin nan nasa. In aka ƙwace shi, me ya rage?"

Ta juya wuta. Can ta ce, "Gobe Juma'a."

Da maza suka tafi masallaci muka rufe ƙofar gida. Kaka ta hau turmi tana miƙowa, Mma ta toshe hanci da ɗankwali tana haƙa a gefen ramin na sama, wajen da ke jikin bango, inda Baba Tsoho bai buɗe ba. Muka kwashe ruɓaɓɓun da ke wurin muka kai kwari. Aikina shi ne in wanke baƙin hayaƙin da ya manne wa kowace doya, in shafe ta da laka ta yi kama da wadda ta kwana ashirin a ƙasa. Na yi wa goma sha biyar wanka na gaske. Sai muka ji hayaniyar masu dawowa daga masallaci. Sauran ukun na dulmiya su a laka kawai na jefa.

Baba Tsoho ya shigo yana jan ƙafa. Na tare shi na ce, "Baba Tsoho, a Garin Baba in ambaliya ta zo, gidajen da ke kan tudu ma nutsewa suke yi?"

"Ƙyale ni, Memuna."

"Ai gefen bango ya fi tudu. Ba ka duba can ba."

Na kama hannun rigarsa na yi ta ja, na ce in bai zo ba zan kwanta a ƙasa in yi birgima har Maamobi. Ya biyo ni don ya huta da bakina. Ya soka shebur sau biyu, sai muka ji ƙum. Ya tsuguna ya tona da hannu, ya ɗago doya, ya matsa ta, ya ƙwanƙwasa. Tauri kamar taɓarya.

Na kurma ihun da ya tashi tantabarun unguwa. Maame Akosuwa ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ei! Jamus ya tashi daga kabari!" Mahautan nan suka shigo suna kabbara. Kaka ta fito daga madafa ta riƙe haɓa, tana mamakin da ya isa a ba ta kyauta. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa zarowa, har ya zo kan ta ƙarshe. Ita ce ɗaya daga cikin ukun nan. Ya goge lakar da babban yatsa. Yatsan ya fito baƙi ƙirin. Ya kai doyar hanci ya shinshina. Ya dubi yatsan, ya dubi ƙofar madafa, ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa ina nazarin wata tururuwa.

Ya miƙa wa Mma doyar ya ce, "A fara da wannan."

Da yamma taɓarya biyu suka yi ta amsa wa juna a gidanmu, karon farko cikin wata biyu. Mma ta yi miyar gyaɗa da ƙashin da mahauta suka aiko. Aka aika wa Maame nata. Da ladan ya kira muka zauna a tabarma, Kaka ta ajiye masa kwanon sakwara, kowa ya yi kamar ba shi yake kallo ba. Ya sha ruwa. Ya wanke hannu. Ya daɗe yana duban kwanon, sannan ya gutsura, ya dangwala, ya haɗiye. Na ji Mma ta saki numfashi.

Sai da ya ci rabi ya ce, "Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba game da ƙauyen nan."

Kaka ta ce, "Ashe da saura."

"Shekarar da yunwa ta fi tsanani, ramin da muka haƙa ba mu ci ko ɗaya daga cikinsa ba. Sojoji suka zo da keken doki suka tone shi kaf. Mai gidan ya zauna yana kuka kamar yaro. Ashe tsohuwarsa tun ranar da ake binnewa take rage wasu, tana ɓoyewa a saman murhu, bai sani ba. Shi muka ci har sanyi ya wuce."

Kaka ta gyara zama, ta ce, "To, ashe matan Jamus ma suna da hankali."

"Suna da shi," in ji Baba Tsoho. "Sai dai nata dankalin ƙaurin hayaƙi ya fi wannan yawa. Ita ba ta da jikar da za ta wanke mata."

Ya suɗe yatsunsa, ya tura kwanon gaban Kaka.

"Hawa, ƙaro mini."